Na'urar Hajja Bintu da Salloli Biyar

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya saukar da cuta Ya saukar da magani, Ya kuma bar wasu bayinSa a tsakani suna riƙe da buta da tawul.

Tun da labari ya bazu cewa gidajen masu hali a garin nan suna neman matan da za su yi musu jinya a gida, da ƙyar mako yake wucewa wata yarinya ba ta yi sallama a gidana na Bolori ba. "Anti Hauwa, ki haɗa ni da aiki mana." Rannan na tambayi wata abin da ta sani game da jinya. Ta gyara mayafi ta ce, "Ai ba wani abu ba ne, Anti. Ba dai ki ba da magani ki zauna kusa da mara lafiya ba? Ga fanka, ga abincin gidan masu kuɗi." Ban yi mata faɗa ba, don ni ma da haka na ɗauka. Amma na ce bari in zauna in rubuta muku yadda aikin yake, ita da ƙawayenta, ku karanta kafin ku sayi safar hannu.

Ni ba nas ba ce, ban taɓa sa farin kaya ba. Sakandare na gama, na yi aure, na zauna ina renon 'ya'ya huɗu. Maigidana direba ne, yana ɗauko bandar kifi daga Baga. Da rikici ya rufe hanyar, motar ta zauna a ƙofar gida har tayoyinta suka sace, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. A lokacin ne wata dattijuwa da muke Islamiyya ɗaya, Ya Kaltum, ta kira ni gefe. Ta yi shekaru tana ɗaukar marasa lafiya da gyara musu gado a asibiti, da ta yi ritaya ta koma jinya a gidaje. Ta ce bayanta ya fara ciwo, tana son mai kama mata wadda ba ta da ƙyama kuma ba ta da surutu. Ta ce, "Ta farkon na gani a jikinki. Ta biyun kuma za mu gani."

Aikina na farko wata tsohuwa ce a Gomari, ɓarin jikinta ya shanye. Nan na koyi juya mutum duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Na koyi canza zanen gado mai ciwo yana kwance a kai, a naɗe rabi, a mirgina shi, a ja ɗaya rabin. Na koyi wanka da ruwan roba ɗaya, daga fuska a gangara, ba a taɓa komawa sama da tsumman da ya sauka ƙasa. Jakar aikina a lokacin ba ta da wani abin kallo: ledar shimfiɗa, tawul uku masu launi daban don kada in haɗa na fuska da na ƙafa, almakashi, reza, auduga, man kaɗanya, cokalin roba, da agogon hannun maigidana wanda gilashinsa ya tsage. Shekara biyu ina bin Ya Kaltum kafin ta bar ni in karɓi gida ni kaɗai.

Tana da wata ɗabi'a da take ba ni haushi. In na zo mata da matsala, ba ta taɓa tambayata mece ce matsalar. Sai ta miƙe ƙafa ta ce, "Faɗa min ranarki. Fara daga asuba, kada ki tsallake ko shan ruwa." Ina ba da labari tana lanƙwasa yatsu. Kafin in kai la'asar ta riga ta gano inda na yi kuskure.

Masu ba da aiki kuwa kala-kala ne. Akwai gidan da za su riƙe ki kamar 'yar'uwa, akwai inda za ki zo jinya a miƙo miki wankin yara. A shekarun nan gidaje sun cika da dangin da suka gudo daga ƙauyuka, sai ki samu mara lafiya a ɗaki ɗaya da mutum tara, kowa da maganin da ya sani, kowa kuma don ƙauna yake kawowa. Rabin aikinki shi ne ki hana masu ƙaunar mutum su cutar da shi, ba tare da kin ɓata wa kowa ba. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne wata rana ni ce zan zama mai ƙaunar da ya kamata a hana.

Aikin da ya fi koya min wannan shi ne na Hajja Bintu a Jiddari Polo, a shekarar da aka kayar da turakun wuta a hanyar Damaturu, gari ya zauna wata da watanni babu lantarki. Hajja Bintu tsohuwar malamar firamare ce, Babarbariya, doguwa, mai tsafta da kaifin baki. Ciwon daji ya kama ta a ƙwaƙwalwa. 'Yarta Yagana likitar yara ce a Jamus, ita ta ɗauke ta can aka yi mata aiki, aka gasa wurin, aka ba ta magunguna. Da ta ɗan ji ƙarfi sai ta tayar da rigima a mayar da ita gida. Yagana ta kawo ta da kanta, tare da akwatuna biyu na wata na'ura da ban taɓa ganin irinta ba, ta yi mako biyu tana koya min kafin ta koma bakin aikinta.

Abu na farko da aka sa ni shi ne aski. Gashin ya fara tsirowa bayan wahalar magani, ya yi baƙi da laushi, Hajja tana ta shafa shi tana jin daɗi. Ga shi na'urar ba ta aiki sai kai ya zama tal kamar ƙwarya. Duk wadda ta san matan garin nan da kitsonsu ta san abin da nake nufi. Na jiƙa kan da ruwan ɗumi, na sa sabulu, na ɗauki reza ina ta jujjuya ta na kasa farawa. Hajja ta ce, "Hauwa, in za ki yanka ni ki yanka, in za ki aske ki aske. Ban da wannan kaɗa reza a kunnena."

Bayan aski a wanke kan, a goge da sifirit, a bar shi ya bushe ƙarau. Ba mai, ba turare, ko ɗigon humra. Sannan a manna filasta huɗu manya, gaba da baya da gefe biyu, kowacce tana ɗauke da ƙananan faya-fayai kamar kwabbai. Daga cikinsu wayoyi suke fitowa, a tattara su a ƙeya, su gangara zuwa na'urar, wadda ba ta fi ƙaramar rediyo girma ba. A saman duka a sa wata hular raga. Duk kwana uku ko huɗu a ɓare, a sake aski, a duba fata, a manna sababbi a ɗan gusa da su kaɗan don fatar ta huta.

Na tambayi Yagana ko wutar na'urar ba ta jan mutum. Ta ce a'a, ɗumi kawai za ta ji. Na ce to me take yi a ciki? Ta ce, "Anti Hauwa, kin tuna lokacin da aka yanke layin waya a garin nan gaba ɗaya, don kada mutanen daji su riƙa kiran juna?"

Na ce wa zai manta, har sai an yi tafiya mai nisa kafin a gaisa da dangi.

Ta ce, "To ƙwayoyin ciwon nan ma haka suke. Suna rabewa biyu su yawaita, kuma masu bincike suna ganin suna miƙa wa juna wasu siraran zare suna aika saƙo, suna taimakon juna. Wutar nan tana kaiwa da komowa cikin sauri ta rikita su, rabuwar ta gagara, zaren ya kasa haɗuwa. Ba warkarwa take yi ba, kada in yi miki ƙarya. Tana dai hana su sakewa. Amma da zarar an kashe ta layinsu ya dawo. Shi ya sa likitocinta suka ce awa goma sha takwas a rana, in ya fi haka ma ya fi kyau."

Hajja tana kwance tana ji, ta ce, "Wato yanzu dokar ta-ɓaci aka sa min a kai."

Na'urar tana rubuta duk awar da ta yi aiki. Ƙarshen wata Babagana, ɗan Hajja da ke zaune da iyalinsa a gidan, zai jona ta da wani ɗan akwati, bayanin ya tafi wurin Turawan da ke lura da ita a Jamus, su faɗa wa Yagana sakamakon.

Aikin yau da gobe batir ne da gumi. Batir huɗu ne, kowanne yana ɗaukar awa biyu zuwa uku, in tana kwance kuma a jona na'urar a bango. Da yake babu wutar gari, Babagana ya sa sola a rufi, ga inji a bayan gida. Ni kuma na zama mai gadin soket, don masu zuwa dubiya a shekarar nan kowa da cajarsa a jaka yake zuwa. "Wushe, Hajja, ya jiki?" ido kuwa yana bango. Na sa Babagana ya ja musu wata waya zuwa zaure, na ɓoye cajar batiran a bayan gado. Zafin bazara kuma na garin nan kun san shi. Gumi yana ɗaga bakin filasta, faifan ya yi zafi, na'urar ta fara kuka, ƙit ƙit ƙit, sai in zo da mafici da busasshen tawul. Na hana a shigo da kaskon turaren wuta ɗakin, abin da ya sa surukarta, matar Babagana, ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau. A duk waɗannan ban yi sake ba, ina ganin aikina ya yi.

Sai salla. Tun ranar da Yagana ta tafi, da aka kira azahar Hajja ta ce, "Kashe abin nan, Hauwa. Ba zan tsaya gaban Ubangijina da waya tana reto a ƙeyata kamar akuya a turke ba." Ni ma a raina haka ya fi dacewa. Na danna, na zare wayar, na kawo buta. Wajen shafar kai sai ta ɗaga hular, ta ɓanɓare bakin filastar gaba ta cusa jiƙaƙƙun yatsu don ruwa ya taɓa fata. In an idar sai mun jira wurin ya bushe kafin ya manne. Hajja kuma ba mai sallama ta tashi ba ce. In ta yi asuba tana kan sallaya da carbi har rana ta fito ta yi walaha. In ta yi magariba ba ta tashi sai ta yi isha. Ina zaune a bayanta ina nawa, ina jin daɗin Allah Ya haɗa ni da gidan ibada.

Ƙarshen watan farko Yagana ta kira. "Anti Hauwa, sun ce awa goma sha biyar take yi a rana. Kuna kashewa ne?"

Na ce, "Wallahi ba ma kashewa." Kuma har zuciyata gaskiya na faɗa. A kaina, kashewa ita ce a kashe don ganin dama, ko don baƙi, ko don kukanta ya dame mu. Lokacin salla kuwa ban taɓa sa shi a lissafin rana ba, kamar yadda ba wanda yake cewa ya ɓata lokaci wajen numfashi.

Ta ce to wutar ce. Ta faɗa wa Turawan cewa garinmu ba lantarki, su ma suka ce lallai ita ce. Babagana ya ƙaro faifan sola, ya canza batiran gidan, ya sa aka gyara injin.

Wata na biyu, sha biyar ɗin dai. Wannan karon Yagana ta ce a sa wayar a lasifika. Ta ce wa mahaifiyarta, "Ya, ki yi haƙuri. Na yarda ki koma gida ne a kan za a iya. In watan gobe bai kai sha takwas ba zan zo in ɗauke ki, ki zauna a nan inda wuta ba ta ɗaukewa. Ba zan zuba ido ciwon nan ya dawo saboda sola ba."

Aka kashe wayar. Sannan Hajja ta juya fuska bango ta ce, "Wata shida na yi a can ban ji kiran salla da kunnena ba sai a waya. Maƙwabcina bai san sunana ba. In na koma, Hauwa, a akwati za a dawo da ni, in ma an dawo da ni." Ranar burabisko aka yi, wanda take so, ba ta taɓa shi ba.

Washegari ina gyara bayan gado na tsaya ina kallon batiran nan huɗu. Duk a cike, fitilunsu kore. Na tuna tun da na fara aikin ban taɓa miƙa hannu na samu babu mai caji ba. In wuta ce matsalar, ai da na sha ganin su a mace. Da na tashi aiki ban wuce gida ba, na hau Keke Napep zuwa Gomari, muka sha jira a shingen bincike, na samu Ya Kaltum tana tsintar wake a tsakar gida.

Na fara yi mata bayanin na'ura da sola. Ta ɗaga hannu. "Ni ban san wannan ba. Faɗa min ranarki."

Na ce, "Da asuba in na kashe mata na'urar, na kawo buta..."

"Tsaya. Sai yaushe kike kunnawa?"

"Sai ta yi walaha."

Ta lanƙwasa yatsu biyu, ta ɗan karya na uku, kowane yatsa awa ɗaya. Na ci gaba. Azahar, yatsa ɗaya. La'asar, ɗaya. Magariba zuwa isha, ta koma ɗaya hannun. Na ƙara da ranar Juma'a da take wuni da Alƙur'ani, da ranakun canjin filasta. Kafin in rufe baki na ga yatsun da ta lanƙwasa sun kusa cika hannu biyu.

Ta ce, "To ga wutar da ake ɗauke muku. Da wane hannu kike dannawa, dama ko hagu?"

Na ce, "Ya Kaltum, salla ce fa."

Ta ce, "Na ce ba salla ba ce? Shi ciwon yana tsayawa ya bi jam'i ne?"

Faɗa wa Hajja ya fi aski wuya. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Wato ke da kika zo jiya za ki koya min alwala? Na koyar da yara ita shekara talatin. Ruwa bai taɓa kai ba, ina alwala? In zaɓi ne tsakanin sallata da akwatin Bature, kira Yagana ta zo ta kwashe kayanta." Na ce mata mun karanta a Islamiyya cewa mai ɗaurin ciwo yana shafa a kan ɗaurin. Ta ce wannan na mai karaya ne da mai gyambo, ita kanta ba rauni.

Na samu Babagana na faɗa masa komai, har da cewa ni ce mai dannawa. Ya riƙe kai ya ce, "Anti Hauwa, duk faifan nan da na hau rufi na kafa!" Da ya huce ya ce mutum ɗaya ne a duniya yake juya Hajja, wanta Goni Modu, mahaddaci ne, tsoho ƙwarai, a Bolori yake.

Aka ɗauko shi da hantsi. Ya shigo yana dogara sanda, ya zauna a bakin gado, suka gaisa da Barbarci doguwar gaisuwa. Sannan ya juya Hausa saboda ni, ya ce in nuna masa abin. Na nuna masa filasta da waya da na'ura, ya sa tabarau ya duba kamar mai sayen rago. Ya tambaye ni, "In an cire yana cutar da ita?" Na ce likitoci sun ce ciwon yana samun sarari, Allah gafarta malam. "In ruwa ya shiga?" Na ce ba ya mannewa. "Akwai najasa a jikinsa?" Na ce babu.

Ya ce, "To Bintu, mene ne rigimar?"

Ba Goni take kiransa don girmamawa. Ta ce, "Ba Goni, ni ba ni da rauni a kai."

"Ba ki da rauni? Jirgi kika hau zuwa Jamus yawon buɗe ido? Naki raunin a ciki yake, ɗaurinsa a waje. Ki jiƙa hannu ki yarfe, ki shafa a kan hular, alwalarki ta cika. Shekarar da na karye a ƙafa wa yake kawo min buta? Ba ke ba? Kin ga na kwance karan ɗori sau biyar a rana?"

"Wayar fa? In tsaya salla da waya a jikina?"

"Haƙoran roban da ke bakinki fa, kina ajiye su a kofi in za ki yi kabbara?"

Babagana ya fice da sauri yana tari. Ni na sunkuyar da kai ina gyara tawul ɗin da ba abin da ya same shi. Hajja ta ce, "Ba Goni, a gaban yara?"

Ya ce, "Ke kika tara su." Sai ya sassauta murya. "Bintu, Wanda kike tsayawa gabanSa Shi Ya yi sauƙin nan, ba ni ba. In Ya miƙo miki kika ce ke kin fi ƙarfin sauƙi, wannan ba tsoron Allah ba ne, taurin kan gidanmu ne, na san shi, ni ma ina da shi. Mu biyu muka rage. Kina so in yi miki salla daga nesa, ko ina tsaye a kanki?"

Ta ɗauki carbi tana ja. Can ta ce, "Hauwa, abin nan in na yi ruku'u faɗuwa zai yi."

Na ce, "Ba zai faɗi ba, Hajja. Ki ba ni zuwa la'asar."

Jakar da na'urar ta zo da ita baƙa ce mai tauri, ta ratayawa a kafaɗa, tana lilo in an sunkuya. Na roƙi Hajja wata tsohuwar laffayarta mai ruwan ƙasa, na ari keken ɗinkin surukarta. Na yanka aljihu daidai na'urar, na bar gefen da iska take fita a buɗe don kada ta yi zafi, na yi masa ɗamara mai faɗi ta ɗaurawa a ƙugu kamar majanyi. Wayar na bi da ita ta ƙeya, ta cikin riga, na kama ta da fil a wuri biyu. In ta sa hijabi ba mai cewa akwai wani abu. Wajen wanke fuska nakan naɗe ƙaramin tawul in dafe bakin filastar goshi, ta wanke har iyakarsa. Kuma na mayar da shi doka, da an kira salla sabon batir nake sakawa, ko na ciki bai ƙare ba, don kada ta yi mata kuka tana tsakiyar raka'a.

Sallar la'asar ɗin nan na tsaya a bayanta ban tayar da tawa ba, idona a kan ɗamara. Ta yi ruku'u, bai motsa ba. Ta yi sujada, goshinta ya sauka daidai ƙasan filasta. Da ta sallame ta juyo ta ce, "Ɗinkinki ya karkace ta hagu." Daga nan na san an wuce wurin.

Yagana kuwa ni na kira ta da kaina na faɗa mata. Bayan kwana biyu ta sake kira, ta ce ta sa an ba ta cikakkiyar takardar maimakon jimillar da ake faɗa mata. "Anti Hauwa, giɓi huɗu ne kullum, a lokaci ɗaya, na magariba da isha a haɗe. Baturen da ke duba takardar ya ɗauka lokacin ɗauke wutarku ke nan. Ni da na duba da idona tun farko ai da na gane, jadawalin salla ne sak." Ban san ko dariya take ko kuka ba, ban kuma tambaya ba.

Ƙarshen wata na uku kiran ya shigo ana tsakanin magariba da isha. Hajja tana kan sallaya ta tayar da nafila. Na fita baranda na ɗauka.

"Awa ashirin da ɗaya, Anti Hauwa."

Na ce alhamdu lillahi, na zauna a kan dakali. Ta ce in ba ta mahaifiyarta. Na ce tana salla. Ta ce, "A kunne?" Na koma ɗakin a hankali, na durƙusa a bayan Hajja, na kai wayar kusa da ƙugunta. 'Yar fankar cikin na'urar tana ta huci a ƙarƙashin hijabi, a samanta kuma muryar tsohuwa tana karatu ƙasa-ƙasa. Na riƙe wayar a nan har ta kai sujada.

Hoton ƙwaƙwalwar da aka je aka ɗauka a Abuja bayan nan ya nuna abin bai ƙaru ba. Ba a sake maganar Jamus ba. Hajja Bintu ta ƙara azumi biyu a ɗakinta, tana jin ladanin unguwarsu da kunnenta, tana yi wa masu cajin waya tsiya. Da lokacinta ya yi a gadonta ta cika, Goni Modu ne ya tsaya a kanta ya yi mata salla. Na'urar an mayar da ita inda ta fito. Jakar laffayar Yagana ta bar min, a ciki nake zuba reza da almakashi har yau, ɗinkin hagun yana nan a karkace.

To ke mai son in haɗa ki da aiki, ki zo ranar Asabar da hantsi. Kada ki sayi komai tukuna. Za ki zauna a tabarma ki faɗa min ranarki ta jiya, daga asuba, ni kuma ina lanƙwasa yatsu.